Shayin na'ana'a mai ƙanƙara: inda ƙamshin yake da hanyoyin da yake bi ya gudu

Ganye, ruwa, sukari, ƙanƙara. Iyakar kayan haɗin ke nan. Duk da haka, mutum biyu za su ɗebi ganye daga dami ɗaya, su tari ruwa a famfo ɗaya, na farko ya sauke shayi garai-garai wanda ƙamshinsa ke bugun hanci tun kofi bai kai baki ba, na biyu kuwa ya sauke wani ruwa mai duhu, ga bauri ga warin ɗanyar ciyawa, ƙanƙara kuma ta gama tsinka shi kafin a sha rabi. Za a ce albarkar hannu ce, alhali abin da ya raba su bai wuce sanin inda ƙamshin na'ana'a yake zaune a jikin ganyen ba, da sanin abubuwan da ke korarsa.

A tsinki ganye ɗaya a juya bayansa, a duba da gilashin ƙara girma. Za a ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu sheƙi kamar raɓa, birjik a tsakanin jijiyoyin ganyen. Waɗannan 'yan jakunkuna ne na mai, kuma duk ƙamshin da ake nema a cikinsu yake. A fatar ganyen suke, musamman ta ƙasa, shi ya sa ko shafar tsiron mutum ya yi da tafin hannu sai ƙamshin ya bi shi. Cikin ganyen kuwa wani abu ne daban. Can ne koren sinadarin kulorofil yake, da sinadarai masu ɗaci da bauri, da wasu enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta sauye-sauye a jikin abu mai rai, waɗanda ke kwance shiru har sai an fasa ƙwayoyin ganyen. Da zarar an daka ganyen ko an niƙa shi, ɗaya daga cikinsu zai haɗu da iska ya fara mayar da ganyen baƙi, irin yadda yankakken tuffa ke rinewa in an bar shi a faranti. Wani kuma zai fara samar da warin nan na ciyawar da aka yanka yanzu. Saboda haka mai kirɓa na'ana'a a turmi don "ƙamshin ya fito sosai" wahalar banza yake yi, kuma yana buɗe wa ɗaci ƙofa da hannunsa. Abin da ganyen ke buƙata shi ne a ɗora shi a tafin hannu a tafa sau ɗaya ko biyu, ko a ɗan murza shi a hankali yadda jakunkunan za su fashe ba tare da ganyen ya yage ba.

Na'ana'a ba iri ɗaya ba ce, kuma bambancin yana fitowa a kofi. Akwai mai yaji, wadda masana tsirrai ke kira Mentha piperita, mai duhun ganye da kara mai ɗan ja-ja. Sinadarin mentol ne ya fi yawa a man da ke jikinta, daga kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari, shi ne sanyin da ake ji a man goge baki da alewar minti. Akwai kuma mai laushin ɗanɗano, Mentha spicata, mai ganye kore shar mai tamoji-tamoji. Ita mentol ɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sinadarin karvon ne ke ba ta ƙamshinta mai ɗan zaƙi-zaƙi. In da ganyen shayi za a haɗa, ta biyun ta fi dacewa, don ba ta danne shi. In kuwa na'ana'a ce zalla ake so, kuma sanyi ake nema mai ratsa maƙogwaro, ta farkon ce, sai dai a rage yawanta da kamar kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba shayin ya koma kamar maganin kurkure baki. Haɗa kashi uku na mai laushi da kashi ɗaya na mai yaji yana ba da abin da ya fi kowace ita kaɗai. Wata 'yar uwarsu kuma, Mentha pulegium, mai ƙananan ganye da wari mai ƙarfi, ba ta shiga wannan magana ko kaɗan: sinadarin da ke cikinta yana lalata hanta. Tsiron da ba a tabbatar da ko wane ne ba, a bar shi inda yake.

Sanyin mentol ɗin nan abin a ɗan tsaya a kansa ne, don yana da tasiri a kan yadda ake haɗa shayin. Mentol ba ya rage zafin baki ko da digiri ɗaya. A jijiyoyin fata da na baki akwai wata 'yar ƙofa da ake kira TRPM8, wadda ke buɗewa in zafi ya sauka ƙasa da kamar digiri 26, ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon sanyi. Mentol yana buɗe ƙofar nan ko da babu sanyin. A shekarar 2002 ne ɗakunan bincike biyu a Amurka, na David Julius da na Ardem Patapoutian, suka gano ta kowanne a gefensa, kuma su biyun ne suka karɓi lambar Nobel ta fannin likitanci a 2021 saboda aikinsu kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. Amfanin wannan ga mai haɗa shayi shi ne sanyin ƙanƙara da na mentol ƙofa ɗaya suke bi, suna ƙara wa juna ƙarfi. Shayin na'ana'ar da aka ɗanɗana da zafinsa aka ji daidai, in ya yi sanyi yajinsa zai ƙaru, zaƙinsa kuma ya ragu, domin harshe ba ya jin zaƙi sosai a abu mai sanyi. Don haka ɗanɗanon da za a yi hukunci da shi, a ɗebi cokali biyu a zuba kan ƙanƙara guda a kurɓa.

Zafi da murfi

Man na'ana'a yana bin tururi. Da tururi ma ake tatsarsa a masana'anta: a tura shi ta cikin tarin ganye, ya kwaso man, a sanyaya shi a raba. Duk wanda ya zuba na'ana'a a tukunya a buɗe ya bar ta tana tafasa, aikin masana'antar yake yi, sai dai shi ba abin da ke tare tururin. Ɗakin girki zai cika da ƙamshi, mai dafawa ya ji daɗi, amma ƙamshin da ke cikin ɗaki ya riga ya bar tukunya. Abin da zai rage a ruwan shi ne abubuwan da ba sa tashi, wato ɗaci da bauri da ɗanɗanon dafaffen ganye.

Shi ya sa ba a dafa ɗanyar na'ana'a, tsima ta ake yi. A sauke ruwa daga wuta, a bar shi ya sauko zuwa digiri 80 ko 85, a zuba ganyen, a danna shi ya nutse, a rufe ruf. In babu ma'aunin zafi, rabin lita na tafasasshen ruwa yakan kai nan cikin minti huɗu zuwa biyar a buɗe. Minti 8 zuwa 10 sun isa tsimin. Ƙasa da minti 5 ruwan ba ya ɗaukar isasshen ƙamshin da zai jure ƙanƙara. Bayan minti 15 kuma ganyen ya fara duhu, warin ciyawa ya fara shigowa. In an ɗaga murfin za a ga gumi ya taru a cikinsa ɗigo-ɗigo. A sunsuna, za a ji ya fi ruwan tukunyar ƙamshi. A karkata murfin ya tsiyaye a ciki, kada a kaɗe shi a ƙasa.

Wanda ke son na'ana'a zalla, aikinsa ya kusa ƙarewa a nan. Wanda zai haɗa da ganyen shayi kuwa yana da wata matsala, domin ganyayen biyu ba lokaci ɗaya suke so ba, ba kuma zafi ɗaya ba. Baƙin shayi yana son ruwa mai digiri 95 zuwa 100 na minti 3 zuwa 5 kawai, in ya wuce haka sai sinadaran tanin su yi yawa, baki ya ɗaure. Na'ana'a tana son ruwan da bai kai haka zafi ba, na lokacin da ya ninka wannan. In an zuba su tare an cire su tare, dole ɗaya ya cutu: ko shayin ya yi bauri, ko na'ana'ar ba ta fito ba. Maganin shi ne a jera su bi da bi a ruwa ɗaya, kuma abin daɗin shi ne lokacin da shayin ke ɗauka shi ne daidai lokacin da ruwan ke buƙata ya sauko wa na'ana'a.

Ga yadda ake yin lita ɗaya. A wanke na'ana'a giram 35 zuwa 40, kimanin cikin hannu biyu ke nan, a cikin kwano mai ruwan sanyi, a kaɗa ta, a tsame ta sama a bar yashi a ƙasa, a sake har sai ruwan ya fito fes. A cire ganyen da ya yi baƙi ko rawaya, a yar da kaurin kara na ƙasa, amma a bar kan toho da karansa mai laushi, can ne ƙamshi ya fi taruwa. A tafasa ruwa mililita 500, a sauke, a zuba baƙin shayi giram 8 zuwa 10. In na 'yar jaka ne, guda huɗu ko biyar, tunda kowace takan ɗauki kamar giram 2. Bayan minti 4 a tsame shi, kuma kada a matse jakar a jikin cokali. Ruwan da ke fita a matsa shi ne mafi bauri. Sai a tafa na'ana'ar a zuba, a rufe, a ba ta minti 8 zuwa 10. A tace da rariya mai laushi ba tare da an danne ganyen ba, a zuba sukari tun ruwan na da zafi, a juya. Sannan a ƙara ruwa mililita 500 wanda ba na firij ba, zafin ya faɗo zuwa wajen digiri 45 ko 50 nan take. A rufe a bar shi ya huce na minti 30 zuwa 45, a sa a firij awa biyu ko uku.

In koren shayi ne, tsarin ya juye. Shi ruwa mai digiri 75 zuwa 80 yake so, na minti 2 zuwa 3, tafasasshen ruwa kuwa ɗaci yake fito masa da shi. Sai a fara da na'ana'a, in saura minti 3 tsiminta ya cika a jefa koren shayin, a tace su tare.

Busasshiyar na'ana'a ma tana yi in ba a sami ɗanya ba, cokali ɗaya a madadin uku, sai dai ɗanɗanonta ya fi nauyi, kuma ta rasa wannan ɗanyen ƙamshin da shi ne dalilin yin shayin tun farko.

Lissafin ƙanƙara

Nan ne yawancin shayi mai kyau ke lalacewa, kuma lissafi ne kawai. Don giram ɗaya na ƙanƙara ya narke yana shan zafin da ya kai jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne). Don giram ɗaya na ruwa ya sauka da digiri ɗaya yana sakin jul 4.2. In an raba na farko da na biyu za a sami 80. Ma'ana, lita ɗaya na shayi mai digiri 80 zai narkar da ƙanƙara kilo ɗaya cur kafin ya kai sanyin ƙanƙarar. Wanda ya haɗa shayi daidai ƙarfin da yake sha da zafi, ya juye shi kan ƙanƙara, ya ninka ruwansa biyu. Rabin ƙamshi da rabin zaƙi zai samu a kowace kurɓa, ya yi ta mamakin me ya sa ya yi lami. In shayin ya huce zuwa digiri 25 kafin a sa ƙanƙara, lita ɗaya zai narkar da kimanin giram 230 kafin ya kai digiri 5, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ƙarin ruwa, kuma har yanzu harshe zai gane. In daga firij ya fito a digiri 4, kusan babu abin da zai narke sai wanda zafin ɗaki da na hannu suka narkar a hankali.

Daga wannan lissafin hanyoyi biyu ne suka fito. Ko a sanyaya shayin sarai kafin ya ga ƙanƙara, kamar yadda aka bayyana a sama, ko a sa ƙanƙarar cikin lissafin ruwan tun farko. Ta biyun ita ce hanyar mai gaggawa: a haɗa mililita 500 ɗin nan mai ƙarfi biyu, maimakon ƙarin ruwa sai a juye shi kan ƙanƙara giram 500. Kimanin giram 400 zai narke, sauran ya yi ta yawo a sama, a sami kusan lita ɗaya mai sanyi cikin minti biyu. Hanyar tana da kyau ga na'ana'a, domin saurin sanyin yana kulle ƙamshin kafin ya tashi. Sai dai a kula da mazubin. Gilashin da ba a yi shi don zafi ba yana iya tsagewa in ruwan zafi da ƙanƙara suka haɗu a cikinsa. A yi haɗin a kwanon silba, in ya yi sanyi a juye.

Manyan ƙanƙara sun fi ƙanana jimawa, dakakkiya kuwa nan da nan take tsinka shayi. Ƙanƙara kuma tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita a firiza, wadda ta yi makonni a buɗe kusa da kifi ko albasa za ta kawo labarinsu cikin kofi. Dabarar da ta fi kowace ita ce a zuba wani ɓangare na shayin a farantin ƙanƙara ya daskare, in ya narke shayi ne ke komawa cikin shayi.

Me ke sa ya gurɓace

An haɗa shayi garau, an sa a firij, da safe an tarar da shi kamar an ɗiga masa madara. Bai lalace ba. A ruwan zafi, kafeyin da sinadaran da ke ba baƙin shayi launinsa suna yawo kowa da kansa. In ruwan ya yi sanyi sai su manne wa juna su zama 'yan ƙwayoyi da ke tare haske. Abubuwa uku ke ƙara shi: ƙarfin shayin, tsananin sanyin, da yawan kalsiyam a ruwan. Shayi mai ƙarfi da aka cusa a firij da zafinsa shi ya fi kowane yin haka, dalilin da ya sa aka ce a tsarma shi da ruwa tukuna kuma a bar shi ya huce. Irin ganyen ma yana da hannu. Shayin yankin Assam na ƙasar Indiya ya shahara da wannan, har masu ɗanɗana shayi suna ɗaukarsa alamar ƙarfin ganye. In ya riga ya faru, a zuba tafasasshen ruwa kamar rubu'in kofi a lita ɗaya a juya, yakan washe. Na'ana'a zalla ba ta da kafeyin, don haka ba ta wannan gurɓacewar. In an ga tata ta yi duhu-duhu, ko dai an matse ganyen ne wajen tacewa, ko ta fara lalacewa.

Wani abin kuma shi ne 'yar fatar nan mai sheƙi da ke kwanciya a saman shayi tana mannewa a jikin kofi. Ita ma aikin kalsiyam ce a ruwa mai yawan ma'adinai, kuma tataccen ruwa ko 'yan ɗigon lemun tsami suna hana ta. Ruwan famfo mai warin kulorin shi ma yana danne ƙamshin na'ana'a, kuma an fi jin sa a rabin litar nan da ake ƙarawa ba tare da an tafasa ba. In ruwan yana da wari, a tafasa duka litar tun farko a ajiye rabi ya huce. Batun tukunya kuma: tanin in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake zama, da wannan haɗin ne ma aka yi ƙarnoni ana yin tawadar rubutu. Tukunya mai tsatsa ko rariyar da ta fara ci za ta ba da shayi mai launin toka da ɗanɗanon ƙusa. Silba, gilashi ko tangaran su ne abin amfani.

Sukari yana narkewa a ruwan sanyi, amma da nawa, shi ya sa mai zuba shi a kan ƙanƙara yakan sha salam a sama ya tarar da yashin zaƙi a ƙasa. Giram 40 zuwa 60 a lita, wato cokalin shayi 10 zuwa 15, ya ishi yawancin mutane. Wannan kusan rabin abin da ke cikin lemun kwalba ne, wanda yakan kai giram 10 ko fiye a kowane mililita 100. Ko da haka ba kaɗan ba ne in aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum. Abu mai sanyi kuma ba a shan kofi ɗaya a tsaya.

In masu sha suna da yawa kuma kowa da bakinsa, gara a bar shayin ba sukari a yi ruwan sukari daban. Sukari giram 200, ruwa mililita 200, a ɗora har ya narke, a sauke, a zuba na'ana'a cikin hannu biyu, a rufe na minti 20 zuwa 30, a tace a kwalba mai tsabta. Babban cokali ɗaya na wannan yana ɗauke da sukari kamar giram 9, yana gauraya da shayi mai sanyi nan take, kuma yana kai mako biyu a firij. Wanda ke son ruwan sukarin ya fito kore shar, sai ya tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 15, ya tsame ya jefa a ruwan ƙanƙara, sannan ya niƙa shi cikin ruwan sukarin da ya huce ya tace da ƙyalle. Zafin ya kashe enzayim ɗin da ke baƙanta ganye, don haka a nan kaɗai niƙa ba ta ɓarna. Zuma ma tana yi, a narkar da ita a shayin yana da ɗumi, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba abin da ke da zuma.

Lemun tsami yana da fuska biyu. A baƙin shayi yana washe launi daga ja mai duhu zuwa ruwan zuma, yana kuma rage bauri. A ganyen na'ana'a kuwa tsaminsa yana cire sinadarin magniziyam da ke tsakiyar kulorofil, koren ya koma launin ƙasa-ƙasa. Don haka ba a matsa shi sai an tace ganyen. Babban cokali biyu a lita ya isa. Yankakken lemun da aka bari ya kwana a ciki kuma ɗaci yake saki daga farin ɓawonsa. A sa shi a kofi lokacin sha.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta sam. A zuba na'ana'a giram 45 zuwa 50, da baƙin shayi ko kore giram 10 in ana so, a lita ɗaya na ruwan sanyi, a rufe kwalbar a sa a firij awa 8 zuwa 12, a tace. Ruwan sanyi ba ya fitar da tanin sosai, shayin yakan fito garau, ba bauri, ba gurɓacewa, ga ƙamshin ɗanyen ganye kamar yanzu aka tsinko. Rauninsa shi ne ba shi da jiki irin na wanda aka tsima da zafi, ƙanƙara kaɗan ke rinjayarsa. Mafi muhimmanci, babu zafin da ya taɓa ganyen, don haka duk ƙwayar cutar da ta zo da shi daga gona tana nan. Wanki ya zama dole ya yi kyau, ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce ko aka tabbatar da tsabtarsa, a kuma shanye cikin yini ɗaya ko biyu. Abin da bai kamata a kwaikwaya ba shi ne ajiye kwalbar a rana ta tsimu. Rana ba ta kai ruwan zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta, ɗumin da suka fi so take ba su. Tsakanin digiri 5 da 60 ne suke hayayyafa, shi ya sa ko wanda aka yi da tafasasshen ruwa ba a barinsa a waje fiye da awa biyu.

A firij, cikin kwalba mai murfi, shayin da aka tsima da zafi yana kai kwana uku, amma ƙamshinsa na yinin farko ne da na biyu. A cika kwalbar har wuya, don iskar da ke sama tana cin ƙamshin tana kuma duhunta launin, kuma kada a bar ganye a ciki. Ruwa ba ya tsami banza: in an ji tsamin da ba na lemo ba, ko an ga yauƙi yana bin cokali, ko 'yan kumfa suna tasowa, ko murfi ya yi tsit da aka buɗe, a zubar. Shayin da aka sa wa sukari ya fi saurin kaiwa nan.

Mutum biyu ne ya kamata su yi hattara. Mai fama da ƙwannafi, domin mentol yana sassauta tsokar da ke rufe bakin ciki ta sama, ruwan ciki ya sami hanyar tasowa. Shi na'ana'a mai laushi ta fi masa, ko ya rage yawa. Sai mai ƙarancin jini, domin tanin yana rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga hatsi da ganyaye, don haka ya raba shayinsa da abinci da kamar awa ɗaya.

Saura zubawa. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗanon na'ana'a hanci ne ke jin sa, sanyi kuma yana hana ƙamshi tashi daga ruwa. Shi ya sa shayin da ya yi sanyi ƙarara yakan zama kamar ya rasa wani abu ko da an bi duk ƙa'ida. Reshen na'ana'ar da ake sokawa a bakin kofi shi ke cike wannan gurbin. A zaɓi kan toho mai ganye biyar ko shida, a buga shi sau ɗaya a bayan hannu, a cika kofi da manyan ƙanƙara, a zuba shayin, a soka reshen a gefen da hanci zai sauka in an kai kofin baki. In reshen ya yi yaushi, a yanke ƙasan karan a tsoma shi a ruwan ƙanƙara na minti goma, zai miƙe.